Shawarwari Kan Zaizayar Gefen Hanya

Abin da aka fi nanatawa a wata tattaunawa da aka yi kan hana zaizayar ƙasa a gefen hanya shi ne kada a bar ƙasa tsirara. Da zarar an yanke gangare ko an haƙa magudana, a shuka ciyawa, a lulluɓe wurin da tattaka kafin ruwan sama ya sauka. An yaba jema ƙwarai, domin saiwarta kan nutse mita 2 zuwa 3, ta riƙe ƙasa gam.

Sai batun gudun ruwa. Maimakon a bar shi ya taru a doguwar magudana ɗaya, a riƙa karkatar da shi nan da can zuwa cikin ciyayi. A jera duwatsu a bakin kwalbati, inda ruwa ke fitowa da ƙarfi yana cin ƙasa, a kuma tona ɗan kududdufi da laka za ta kwanta kafin ruwan ya isa rafi. Lakar nan ce ke binne tsakuwar da kifi ke zuba ƙwai, tana tafe da taki da man mota.

An yi saɓani kan yi wa magudana daɓen siminti. Ni dai ina tare da masu cewa siminti na ƙara wa ruwa gudu, sai ɓarnar ta koma gaba. Shingen tare laka kuwa, in ba a kwashe abin da ya tara bayan kowane ruwa ba, faɗuwa yake yi.