Nauyin reshe duka a kaina yake, amma ba ni da ikon ɗaukar ko da ma'aikaci ɗaya

Manajan reshe, Garwa

Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina riƙe da reshen wani kamfanin kantunan sayar da kayan masarufi a nan Garwa ta Kamaru, wanda hedikwatarsa take Duwala. Ina buɗe kanti da ƙarfe bakwai na safe, ba na barinsa sai bayan tara na dare idan an gama lissafin kuɗin da aka karɓa, kuma ranar Lahadi ma sau da yawa ina nan, domin motar kaya daga Gaundare ba ta da ranar zuwa tsayayya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya wuce digiri 40 kuma ake yawan ɗauke wuta, hankalina ba ya barin ɗakin sanyi, saboda idan janareto ya tsaya da dare kaji da madara suka lalace, ni za a tambaya.

Abin da ya sa na rubuto shi ne ƙididdigar kaya ta watan jiya. An samu giɓi, sai aka aiko mini da takarda cewa za a cire kuɗin daga albashina a cikin wata uku. Ni kuwa tun bara nake roƙon a ƙara mini mutum ɗaya a sito da mai gadi na biyu, ba a ba ni ba. Shin doka ta yarda da wannan cirewa? Kuma waɗanda suka riga ni a wannan aiki, yaya kuka yi da awoyin da ba sa ƙarewa? 'Ya'yana suna barci nake fita, suna barci nake dawowa.

Ma'aikaciyar ofishin albashi, Gaundare

Wa alaikumus salam, Malam. Dokar ƙwadago ta Kamaru, wato mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga Agustan 1992, ta hana mai aiki ya ci tarar ma'aikacinsa. Ba a taɓa albashi sai don abin da doka ta tanada, kamar haraji da kason CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa, ko bisa umarnin kotu, ko kuma idan ma'aikacin ne da kansa ya amince a gaban hukumar da doka ta ambata. Takardar da aka rubuta a ofis aka aiko maka ba ta shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Saboda haka kada ka sa hannu a kan wata takarda da ke cewa ka amince kai ka jawo giɓin, ko da an ce maka cika ƙa'ida ce kawai.

Game da lokaci, dokar ta ce awa 40 a mako ga wuraren aikin da ba na noma ba, da hutun awa 24 a jere kowane mako, da kuma hutun shekara na kwana ɗaya da rabi a kan kowane watan aiki. Kamfanoni sukan ce albashin manaja ya riga ya haɗa da ƙarin awoyi, don haka ka ɗauko kwantiraginka da takardar albashinka ka duba rukunin albashin da aka sa ka, ka gwada shi da yarjejeniyar ma'aikatan kasuwanci ta ƙasa. Na sha ganin mutum ana kiransa manaja a baki, alhali a takarda rukuninsa na mai sayarwa ne. Idan magana ta ƙi ƙarewa a cikin gida, sufeton ƙwadago ake fara zuwa wurinsa domin sulhu kafin kotu, kuma haƙƙin albashi ba ya faɗuwa sai bayan shekara uku.

Tsohon manaja, Marwa

Ƙanena, abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne, amma ni ta wani ɓangare zan zo maka, domin na yi wannan aikin har furfura ta fito mini. Ciwon manajan reshe shi ne an ɗora masa alhaki an riƙe iko a wani gari. Wanda yake zaune a Duwala yana kallon lambobi a kwamfuta shi yake yanke yawan ma'aikatanka, da farashinka, da irin kayan da za a turo maka, kuma bai san cewa a cikin azumi kanti yakan yi shiru da rana sannan ya cika maƙil daf da magariba ba, bai san abin da hanyar Garwa zuwa Marwa take yi wa katan ɗin kwalabe ba.

Kuskuren da na yi shekaru da yawa shi ne rufe ɓaraka da jikina. Idan mai karɓar kuɗi bai zo ba in zauna a wurinsa, idan babu mai sauke kaya in tuɓe riga in sauke, sai rahoto ya tafi sama yana nuna cewa reshe yana tafiya lafiya da mutanen da yake da su. To, don me za su ƙara maka mutum? Ni na koya musu cewa ba a bukata.

Ka mayar da kowane roƙo rubutacce, da kwanan wata, ka ajiye kofi a gida ba a ofis ba. Ka buɗe littafi na kayan da suka iso a fashe ko suka kusa lalacewa, direba ya sa hannu kafin ya tayar da mota, domin wani kaso na abin da ake kira giɓi tun a hanya yake faruwa. Ka rinƙa ƙidaya kaya masu tsada, irin su madarar gwangwani da turare, kowane mako, kada ka jira babbar ƙididdiga. Sannan ka koya wa mataimakinka rufe kanti, ka ba shi mabuɗi kwana biyu a mako. Na san zuciya ba ta son sakin mabuɗi, ni ma sai da hawan jini ya kwantar da ni kafin na saki.

Mai kula da sito, Njamena

A wajenmu Cadi doka awa 39 ta ce a mako, amma manajanmu yana yin kusan ninkin haka, musamman idan kaya suka maƙale a Kuseri, garin Kamaru da ke bakin iyaka, suka tsallako gada a makare. Sai dai ina roƙon Malam, da girmamawa, idan ka je neman haƙƙinka kada ka bari a juyo da giɓin kan yaran da ke ƙarƙashinka. Na ga inda manaja ya kuɓuta, aka raba kuɗin a kan masu jera kaya waɗanda albashinsu bai kai rabin nasa ba. Dokar da ta kare ka ta kare su.

Manajan reshe, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, ban sa hannu ba tukuna, kuma na duba takardar albashina na tarar rukunin da aka ɗauke ni da shi tun ina mataimaki ne har yanzu. Baba, saƙonnin da na aika bara ina neman ƙarin ma'aikaci suna nan a wayata, yau zan buga su a takarda. Ɗan'uwana na Njamena, na yi alkawari ba za a taɓa kuɗin yarana da amincewata ba. Ranar Litinin zan rubuta wa hedikwata amsa, in nemi a sake ƙididdigar a gabana.