Shawarwarin malamai ga mai jin Turanci da ke koyon harshen Finlan

Abin da malamai suka fi nanatawa shi ne a fara da kunne. Tsawon wasali da maimaita baƙi suna canza ma'ana: tuli wuta ce, tuuli iska, tulli kuwa kwastam. Mai Turanci yakan haɗe su, Bahaushe kuma ya san wannan bambanci tun a gida. Kullum ana ƙarfafa gaɓar farko.

Ɗafe-ɗafen da ake liƙawa a ƙarshen suna iri 15 ne, amma kada a haddace su a jere. A koye su cikin jimla: talossa a cikin gida, talosta daga gida, taloon zuwa gida. Inda aka fi tuntuɓe shi ne bambancin luin kirjan, na karanta littafin duka, da luin kirjaa, ina cikin karanta shi.

Harshen littafi daban yake da na titi: minä olen ya zama mä oon a Helsinki. Malaman sun ce a saurari labarai masu sauƙin harshe na Yle, kafar yaɗa labarai ta ƙasar Finlan, kowace rana, kuma a roƙi mutane kada su koma Turanci.

Neman zama ɗan ƙasa yana buƙatar shaidar iya harshe, kamar mataki na 3 a YKI, jarrabawar ƙwarewar harshe ta Finlan. A ɓangaren al'ada, a cire takalmi a ƙofar gida, kuma shirun mai masauki ba fushi ba ne.