Kamfanin inshora na ja mini rai, wa'adin shekara 2 na ƙaratowa

Assalamu alaikum. Don Allah masana shari'a ku taimaka.

Kantina na kayan masarufi a Bukoki, Yamai, ya yi gobara wata 20 ke nan. Ina da inshorar gobara, kuma na biya kuɗin shekarar tun kafin abin ya faru, rasit na hannuna. Na sanar da kamfanin cikin kwana 3, na kai rahoton 'yan kwana-kwana. Suka turo masaninsu, ya zo ya ɗauki hoton firjin da ya narke da buhunan shinkafa, ya tafi. Daga nan shiru kake ji.

Na yi sintiri har na gaji, kullum "fayil na wurin shugaba". Na rubuta wasiƙa biyu, amma da hannu na miƙa wa sakatariya, ko tambari ba ta buga mini ba. Wautata ke nan.

Na ga sashe na 28 na dokar inshora ta CIMA (ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijar) ya ba da shekara 2 kawai a kai ƙara. Saura mini wata 4.

Shin zuwan masanin nasu ya katse wannan wa'adi, ko in garzaya kotu yanzu?