Ku duba mini aikin manhajata kafin ranar gabatarwa

Hadiza: Salamu alaikum ƴan zaure. Sati mai zuwa zan gabatar da aikina gaban malamai a jami'a, manhajar waya ce ta tafiye-tafiyen da ba sa ɓata muhalli. Diyapo 28 na shirya, wato shafukan da zan haska a allo, minti 15 aka ba ni. Ga shi na tura, don Allah ku duba.

Yaya Sani: Wa alaikis salam. Haba ƙanwata, 28 cikin minti 15? Mai da su goma. Biyar ɗin farko duk bayanin ɗumamar yanayi ne, malamai sun san wannan.

Malam Ali: Ni abin da ya tsaya mini shi ne allon zaɓen abin hawa. Kin sa jirgin ƙasa a sama, keke na bi masa. Layin dogon Yamai zuwa Doso tun 2016 aka ƙaddamar da shi, har yau ba ya jigilar fasinja. Wanda zai tafi Tawa bas yake shiga, ya bi ta Doso, Dogon Dutsi da Kwanni, tafiyar da ta haura kilomita 500. Cikin gari kuwa taksi ne, faba-faba da kabu-kabu. Ki ɗauki matafiyi guda, ki bi shi tun daga tasha har masauki, ki nuna inda manhajar take rage masa hayaƙi da kuɗi: bas cike da mutane ya fi motoci goma kowace da mutum biyu. Kuma jadawalin nan na giram ɗin iskar kabon, wa zai karanta shi? Ki rubuta litar man da aka tsimi, da jika nawa ke nan.

Hadiza: Malam, to ɓangaren yawon buɗe ido fa? In cire?

Malam Ali: A'a, bar shi, sai dai ki kawo shi gida. Raƙuman dawan Kure, kilomita wajen 60 daga Yamai, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma. Ga tsohon garin Agadas da ya shiga kundin UNESCO a 2013. Nuna yadda kuɗin baƙo ke isa hannun ɗan jagora da mai sayar da kayan fata. Ki sa gargaɗin tsaro kan kowace hanya, don sai sun tambaye ki.

Anti Rakiya: Ni na buɗe shi a tsakar gida da rana, ban ga komi ba. Kore mai haske kan fari! Ƙara duhun rubutun, ki girmama madannan. Sa murya da Hausa da Zabarmanci, ba kowa ke karanta Faransanci ba. Ba mutum biyar wayar su gwada, kar ki ce musu uffan, kallon yatsunsu kawai za ki yi.

Yaya Sani: Taswira kuma a iya sauke ta daga OpenStreetMap, don rezo na yankewa a hanya. Biyan kuɗi da katin banki kaɗai ba zai yi ba, ƙara Airtel Money da MyNita.

Anti Rakiya: Ki ɗauki bidiyon minti ɗaya na samfurin manhajar da kika zana a Figma, ki ajiye a kan USB. In wuta ta ɗauke ko intanet ta ƙi, kin tsira.

Hadiza: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, gobe bayan la'asar zan biyo da wayar, ke ce ta farkon gwaji.

Anti Rakiya: Zo da caja, tawa ta lalace.