Neman shawara: a wace wiki za mu ajiye dokokin wasanmu?

Mai jan labari, Mabera

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar wiki, wato shafin intanet da mutane da yawa ke iya rubutawa da gyarawa tare.

Mu 11 ne muke haɗuwa duk Asabar bayan La'asar a zauren gidanmu muna wasan labari na kan tebur. Ga wanda bai san shi ba: mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya zama shi, in za a yi wani abu mai haɗari sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20 a ga ko an dace. Ba kuɗi a ciki, ba caca ba ce. Da wani sanannen wasa irin wannan mai suna Dungeons & Dragons muka fara, amma tun bara muka gina namu, na ayarin fatake da ke tashi daga ƙasar Gobir zuwa Gwanja sayen goro. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai uban dawaki, kowa da abin da yake iyawa.

Damuwar ita ce dokokin a warwatse suke. Wasu suna cikin littafin rubutu, wasu a saƙon murya na WhatsApp, wasu a kan mutane kawai. A damina ruwa ya shigo zaure ya jiƙa littafin, shafi bakwai tawadar ta narke, teburin farashin gishiri da kanwa ya tafi. Makon jiya kuma gardama ta tashi kan ƙarfin da jaki ke rasawa in ya kwana biyu bai sha ruwa ba. Littafi ya ce 2, wani saƙon murya na watan azumi ya ce 3. Har aka kira Magariba ayarin bai ƙetare kogi ba, mutum biyu suka tafi rai a ɓace. Abin ya dame ni ƙwarai, don shekara guda muka yi muna gina wasan nan.

Ina son wuri ɗaya da kowa zai buɗe a waya, a ga wanda ya canza doka da ranar da ya canza. Biyu ne kawai cikinmu ke da kwamfuta. Na ji ana ambatar Fandom, Miraheze, DokuWiki da TiddlyWiki. Wanne ya dace da mu?

Ɗan Runjin Sambo

Wa alaikumus salam. Yaya, ku buɗe Fandom kawai. Kyauta ne, ba sai kun iya komai ba, kafin ku gama shan shayi an gama. Wikin wasanni da yawa can suke.

Injiniya, Gawon Nama

Ƙanena na Runjin Sambo, sauƙin buɗewa gaskiya na, amma ka tambayi waɗanda sunka shiga yadda fita take. Fandom kamfani na, da talla yake ci. Tun 2004 anka kafa shi da sunan Wikicities, daga baya Wikia. Shafi guda za ka buɗe, bidiyon talla ya tashi ya cinye maka data kafin ka kai ga dokar jakin. Wannan ma mai sauƙi ne. Babban abin shi ne in kunka yanke shawarar tashi, kuna iya ɗaukar kwafin rubutunku, amma tsohuwar wikin tana nan ba a rufe ta. Masu wikin wasan kwamfuta na Minecraft sun bar Fandom a 2023 sun koma nasu gida, tsohuwar kuma ta ci gaba da fitowa a Google. Ke nan matsalar da kake gudu, ta doka iri biyu a wuri biyu, ita za ka sake ginawa da hannunka.

Ni DokuWiki nake amfani da ita wajen aiki. Ba ta buƙatar rumbun bayanai, kowane shafi fayil ne na rubutu zalla. Ka kwafe babban fayil ɗin a filashi, ka gama ajiya. Ko manhajar ta mutu gobe, kana buɗe shafin da kowace irin kwamfuta ka karanta. Tana da tsarin izini a cikinta, sai ka ware sashen da mai jan labari kaɗai zai gani, inda za ka ɓoye wurin da 'yan fashi ke jiran ayari.

Sai dai fa sai kun kama hayar saba (kwamfutar da ke riƙe shafin a intanet) da adireshin intanet, ana biya duk shekara, kuma dole wani ya riƙa sabunta ta. In ba mai ɗaukar wanga nauyi, kar ku fara.

Anti Malama, Arkilla

Ɗana, kafin zancen manhaja, bari in tambaye ka: cikin ku 11, nawa ne ɗalibai? In yawanci 'yan jami'ar Ɗanfodiyo ne, nan da shekara biyu wani ya tafi bautar ƙasa, wani ya koma Gusau ko Birnin Kebbi. Mun taɓa yin shafin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, yaro ɗaya ne ke riƙe da kalmar sirri da katin biya. Ya tafi, kuɗin haya ya ƙare, hotuna da rubutun shekara uku suka bi ruwa. Har yau ina jin ciwon abin. Duk wadda za ku zaɓa, mutum uku su zama masu mabuɗi tun ranar farko, kuma a buɗe adireshin imel na ƙungiya, ba na mutum ɗaya ba.

Mai gyara a Wikipedia ta Hausa

Malam mai tambaya, ina goyon bayan Anti, kuma saboda hujjarta ne zan ce Miraheze. Ba kamfanin riba ba ne, 'yan sa-kai ke tafiyar da shi da gudummawar jama'a tun 2015, babu talla, babu kuɗin haya da zai ƙare a hannun wani. Manhajar da ke ƙarƙashinsa ita ce MediaWiki, wadda Wikipedia ke tafiya a kanta. Kowane shafi yana da tarihin gyara, za ka jera tsohon rubutu da sabo ka ga kalmar da aka sauya da sunan wanda ya sauya. Kowane shafi kuma yana da nasa shafin tattaunawa. Gardamar jakinku a can za ta zauna, a yi ta a tsakiyar mako, ranar Asabar a zo a yi wasa.

Abin da ya fi burge ni don irin aikinku shi ne samfuri. Ka tsara akwati ɗaya na jarumi: suna, ƙarfi, wayo, kayan da yake ɗauka. Ran da kuka ƙara wani layi, wuri ɗaya za ka gyara, ya bayyana a duk shafukan. Ana cika takardar neman wiki ne, 'yan sa-kai su duba, don haka ka bayyana manufarku sosai kuma ka yi haƙurin jira. Suna kuma da ƙa'idar rufe wikin da aka daɗe ba a taɓa ba, kar ku bar ta kwance.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: a 2023 Miraheze ta shiga rikicin da har aka sanar za a rufe, kafin wasu 'yan sa-kai su karɓi ragamar. Ta tsira, amma darasi ne. Akwai wurin sauke kwafin wikin gaba ɗaya, ku riƙa saukewa duk wata.

Sai batun haruffanmu masu lanƙwasa. Wanda ya rubuta "kishirwa" a akwatin bincike zai iya rasa shafin "ƙishirwa", don wurin kwamfuta k da ƙ haruffa biyu ne daban, kuma ba kowa ke da ƙ a madannan wayarsa ba. Ku rubuta sunan shafi daidai da lanƙwasarsa, sannan ku yi shafin turawa daga marar lanƙwasa. Aikin minti ɗaya ne.

Injiniya, Gawon Nama

Wagga magana ta haruffa ta shafi DokuWiki ma. In ba a canza saitinta ba, sunan fayil mai ƙ ko ɗ yana komawa wasu alamomi da lambobi. Shafin na buɗewa lafiya, amma gara a saita tun farko.

Ƙanwarku, Tudun Wada

Yayye, kowa na maganar intanet, ni ina tunanin zauren. Ranar da sabis ya ɗauke kuna tsakiyar wasa fa? TiddlyWiki fayil ɗaya ce tak, tana buɗewa a burauzar waya ko babu data, ana tura ta ta Xender. Aibinta, in mutum biyu sun gyara kowa a wayarsa, an samu kwafi biyu. Ni da zan ba da shawara, a yi gyara a Miraheze, duk ƙarshen wata a fitar da dokokin da aka amince da su a PDF, a rubuta kwanan wata a sama, a buga kwafi ɗaya a sa cikin leda a ajiye a zaure. Abin da ke cikin ledar shi ne hukunci ranar wasa.

Mai gyara a Wikipedia ta Hausa

Na manta abu ɗaya. Tunda da Dungeons & Dragons kuka fara, ku duba ko akwai rubutun da kuka kwaso daga littattafansu. Kamfanin da ke da wasan, Wizards of the Coast, ya saki wani kundi na ainihin dokokin, SRD 5.1, ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ke ba kowa damar amfani da shi, a Janairun 2023. Shi kuna iya fassara shi da Hausa ku saka, muddin kun ambaci masu shi. Sauran littattafan da hotunansu ba a sake su ba, kar ku ɗora. Naku na fatake kuwa ku zauna ku yanke lasisin da za ku sa masa tun kafin baƙi su fara kwafa.

Mai jan labari, Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, kin taɓo inda ke mani ƙaiƙayi, bakwai cikinmu ɗalibai ne, uku suna ajin ƙarshe. Injiniya, DokuWiki ta kwanta mani, musamman sashen ɓoyon nan, amma ba mu da mai riƙe saba, ba zan yaudari kaina ba. Mun yi magana daren jiya, za mu nemi Miraheze, masu mabuɗi uku, sirrin labari kuma ya zauna a littafina. Ƙanwata, an sayi ledar.

Saƙonnin muryar sun kai 40, na raba wa mutum huɗu su saurara su rubuta. Tambaya ɗaya ta rage: shafuka bakwai ɗin da ruwa ya ci, kowa yana tuna farashin kanwa daban. Mu rubuta duka a shafin tattaunawa a jefa ƙuri'a, ko ni mai jan labari in yanke kawai?