Shin tsoffin hannu a dirowa daga jirgi na buƙatar horon sarrafa laima?

Ga abin da na tattaro daga bakin masu dirowa:

1. Kusan kowa ya yarda cewa haɗurra da dama na faruwa ne bayan laima ta buɗe lafiya. Mutum ya yi kwana dab da ƙasa, laimar ta nutse da shi, ya bugu.

2. Ya kamata mai komawa ƙaramar laima ya fara neman horo, don ta fi gudu.

3. Nan aka rabu. Wasu sun ce diro 500, adadin da ake buƙata don lasisin D, mafi girman lasisin USPA (ƙungiyar masu dirowa da laima ta Amurka), ya wadatar. Wasu suka ce yawan diro bai gyara mugun sabo, sai malami ya ɗauki bidiyon saukarka ka ga hannunka ɗaya yana riga ɗaya jan igiyar birkin laima. Ni dai ina bayan waɗannan na ƙarshe.