Ƙanena mai lalurar Dawun: an ce a kawo sunansa kamfani a riƙa biyansa yana gida, mu yarda?

Ummu Rayyan, Makka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar masu buƙata ta musamman a nan Saudiyya. Ƙanena shekararsa 21, yana da lalurar Dawun (Down syndrome), bara ya gama ajin tarbiyya fikriyya, wato ajin masu raunin fahimta. Yana wanka da sa kaya da kansa, yana gane lambobi, yana karanta gajerun kalmomi, amma maganarsa sai wanda ya saba da shi. Tun da ya gama yake zaune, daga talabijin sai waya, jiki kuma sai ƙaruwa yake. Yanzu wani ya zo wa Hajiyarmu da maganar a ba shi hoton katin ɗan ƙasa na yaron, a sa sunansa a wani kamfani, duk wata a turo riyal 1,000, ba sai ya taka ƙafa ya je ba. Mu 'yan ƙasa ne, yana karɓar i'ana, wato kuɗin tallafin masu naƙasa, gidan kuma yana cikin daman, tallafin da gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi. Shin akwai matsala in mun yarda? Idan kuma aiki na gaske muke so masa, ta ina ake farawa?

Abu Anas, Jidda

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kada ku ba da katin nan, kuma kada kowa ya amsa saƙon Nafath, manhajar gwamnati ta tabbatar da shaidar mutum, ko ya karanta wa mutumin lambar da za ta shigo wayar yaron.

Ga abin da ke ƙarƙashin tayin. A tsarin Niɗaƙat, wanda ake auna yawan 'yan ƙasa a kamfani da shi, ɗan ƙasa mai naƙasa ɗaya yana iya tsayawa a matsayin mutum huɗu, da sharaɗin albashin da aka rubuta masa bai gaza riyal 4,000 ba. An yi haka don a kwaɗaita wa kamfanoni ɗaukar su aiki, sai wasu suka mayar da abin kasuwa. Za su rubuta wa ƙanenki 4,000 a ta'aminat, wato hukumar inshorar ma'aikata da fansho, su miƙo muku 1,000, su kuma su samu matsayin da za su ci gaba da fitar da bizar ma'aikata. Wannan shi ake kira tauzif wahmi, wato ɗaukar aiki na bogi, kuma laifi ne a doka.

Inda zai cije ku shi ne, hukumomin nan duk suna ganin bayanan juna. Daman da Hisabul Muwaɗin, tallafin rage tsadar rayuwa na 'yan ƙasa, ba 1,000 ɗin da ya shigo hannunku za su gani ba, 4,000 ɗin da ke rubuce za su lissafa a kuɗin shigar gida. Tallafin yana iya raguwa ko ya tsaya, kuma idan aka gano an biya ku abin da ya wuce haƙƙinku ana iya neman a dawo da shi. A yi lissafi da kyau, sau da yawa abin da gida ya rasa ya fi abin da aka turo. Sannan ranar da aiki na gaske ya samu, sai a tarar sunansa a maƙale a wani wuri, mai kamfanin kuma ya daina ɗaga waya.

Tunda har an fara zagayo ku, ku shiga manhajar ta'aminat da asusunsa yau ɗin nan ku duba ko wani ya riga ya sa sunansa ba ku sani ba, don hakan na faruwa. In kun ga kamfanin da bai taɓa yi wa aiki ba, ku shigar da ƙorafi a nan ta'aminat ɗin a soke rajistar, ku kuma kira ma'aikatar ƙwadago da jin daɗin jama'a a 19911.

Maman Suhaila, Madina

Abu Anas ya gama magana kan wancan. Ni takardu zan taɓa, don a nan mutanenmu suka fi yin tuntuɓe.

Ki fara da taƙyimul i'aƙa, wato tantance naƙasa, a shafin ma'aikatar. Ko da yana karɓar i'ana, ki duba ranar da tantancewar za ta ƙare, domin duk sauran hidimomin a kanta suke rataye. Idan sabuntawa za a yi, a samo sabon rahoton likita daga asibitin da ma'aikatar ta amince da shi, a haɗa da gwajin fahimta da na iya kula da kai wanda masanin halayya ke yi. Abin da ya fi sa a dawo da buƙata shi ne rahoton da ya tsufa, ko wanda aka rubuta sunan lalurar kawai ba a faɗi matakinta ba. Daga nan sai katin tas'hilat, wanda ke ba shi rangwamen kuɗin tafiya shi da mai raka shi. Zai yi amfani idan zirga-zirga ta fara.

Na biyu, ya wuce 18, don haka a idon doka baligi ne, ba wanda zai sa hannu a madadinsa haka kawai don shi ne wansa ko mahaifiyarsa. Idan ba ya iya fahimtar kwantiragi ko harkar banki, ana neman sakkul wilaya, wato takardar waliccin kula da shi, ta Najiz, shafin ma'aikatar shari'a, kotun al'amuran iyali ta naɗa waliyyi bisa rahoton likita. Amma don Allah a riƙe wannan takarda da tsoron Allah. Albashinsa nasa ne, a buɗe masa asusu da sunansa, kuma a tambaye shi wane aiki yake so kafin a yanke masa.

Sai rajista a Jadarat, shafin gwamnati na neman aiki, a nuna a bayanansa cewa yana da naƙasa. Asusun Hadaf, na gwamnati mai tallafa wa ɗaukar 'yan ƙasa aiki, yana da shiri na musamman mai suna Tawafuƙ don sama wa irinsu aiki. Ku je reshen Hadaf da ƙafarku tare da shi, jami'in da ya gan shi ido da ido ya fi wanda ya ga fom. Wajen zaɓen kamfani ku tambaya ko suna da shaidar Muwa'ama, wadda ake ba wuraren da suka gyara yanayin aikinsu don masu naƙasa, ko suna cikin haɗakar kamfanonin Ƙadirun. A Jidda akwai Markazul Aun da ya daɗe yana aiki da masu raunin fahimta, a Riyad kuma akwai ƙungiyoyin Saut da DSCA da suka keɓanta da lalurar Dawun. Ko ba su ɗauke shi ba, tambayarsu ba asara ba ce.

Ku sani ba alfarma kuke roƙo ba. Sashe na 28 na dokar ƙwadago ya ce mai ma'aikata 25 zuwa sama, in yanayin aikinsa ya ba da dama, ya ɗauki masu naƙasa da aka horar aƙalla kashi 4 cikin 100. Ƙasar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, an kafa hukumar kula da su a 2018, sabuwar dokar haƙƙinsu kuma ta fito a 2023.

Malam Abu Ammar, Makka

Ƙanwata, takarda tana buɗe ƙofa, amma ba ita ke zaunar da yaro a wurin aiki ba. Yawancin waɗanda ake sallama a watannin farko sun iya aikin. Abin da ke kayar da su shi ne tashi da wuri, jure tsayuwa, sanin lokacin hutu, da abin da za su yi idan kaya sun ƙare ko an canza musu tsari. Waɗannan kuwa a gida ake koyonsu.

Kafin komai a kai shi asibiti. Wanda ke da Dawun ana so a duba masa maƙoshi, wato gudda (thyroid), duk shekara, domin raunin aikinta yana kawo ƙiba da kasala da barci, sai a ɗauka lalaci ne. A duba ji da gani. Idan yana minshari mai ƙarfi ko yana gyangyaɗi da rana, a yi gwajin numfashin barci. A tambayi likita game da zuciya da ƙashin wuya kafin a ba shi aikin ɗaukar kaya masu nauyi.

Sai ku ɗauki wata biyu zuwa uku kuna gina masa rana. Ya tashi lokaci ɗaya kullum, ya yi wanka, ya sa kayan fita ko da ba inda za shi, a ajiye waya. A ba shi aiki na gaske a tsaye: minti 20 a makon farko, ana ƙara minti 10 zuwa 15 duk mako har ya kai awa biyu da hutu ɗaya a tsakiya. Ku gwada abu uku ko huɗu ku ga inda hankalinsa ya fi kwanciya: ninke tawul, jera gwangwani fuskarsu na kallon gaba, zuba dabino a kwali, goge tebur da shirya kofuna. Ba a banza na zaɓi waɗannan ba, su ne ayyukan da ake samu a wankin otal-otal, da manyan kantuna, da wuraren shirya dabino, da shagunan gahawa.

Yadda ake koyarwa shi ne a yanka aikin gunduwa-gunduwa. Ɗauki kwalin dabino: wanke hannu, sa safar hannu, buɗe kwali, shimfiɗa takarda, jera dabino, ɗora a sikeli, rufewa, manna takardar shaida, ajiyewa a dama. Mataki tara ke nan. A ɗauki hoton hannunsa shi kansa yana yin kowanne, a jera hotunan daga dama zuwa hagu yadda ya saba a makaranta, a liƙa a gabansa. Sikelin kuma kada a ce masa "rabin kilo", a rubuta 500 da manyan lambobi a manna kusa da allon, ya riƙa kwatantawa. Idan ya tsaya, ki ƙirga biyar a zuci kafin ki ce komai. In bai motsa ba ki nuna hoton da yatsa, in bai gane ba ki faɗa da kalma biyu, kama hannu shi ne na ƙarshe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne yawan magana. Yaro sai ya koyi jiran murya maimakon ya koyi aikin, ranar da babu mai cewa "sai me?" sai ya tsaya cak. Ki tsaya a bayansa, kullum kina ƙara ja da baya.

Idan an samu wuri, ku nemi a fara da awa uku ko huɗu, a kuma bar wani ya raka shi makonnin farko yana janyewa a hankali. A nan Makka kada a fara a Ramadan ko lokacin Hajji. Cunkoso da hayaniya da canjin lokutan aiki sun isa su rikita wanda ya shekara yana yi, balle sabo. Bayan Muharram ya fi. A nemi mutum ɗaya tak da zai riƙa ba shi umarni, domin in uku suka faɗa masa abu uku zai daskare, a ce taurin kai ne. A rubuta wa wannan mutumin shafi ɗaya: yadda ake masa magana, alamar da yake yi in ya gaji ko yana son banɗaki, da lambar wanda za a kira.

Akwai ɓarnar da tausayi ke yi, ita ma a yi maganinta tun ranar farko. Abokan aiki za su riƙa karɓe masa aiki, suna cika shi da alewa da lemo, suna ɗaukar hoto da shi. Bayan wata biyu ya zama ɗan lelen wuri ba ma'aikaci ba, sabon manaja na zuwa shi zai fara cirewa. A gaya musu cikin ladabi su gyara masa in ya yi kuskure kamar kowa. Shi ma a koya masa gaisuwar wurin aiki, musafaha ba runguma ba, da cewa ba ya bin kowa zuwa wani wuri, ba ya ba kowa katin banki ko wayarsa.

Ummu Rayyan, Makka

Allah ya saka da alheri, na karanta wa Hajiya duka, mun kuma duba ta'aminat babu sunansa ko'ina. Malam, to idan aikin gaske ne aka rubuta masa albashi, shi ma ai zai taɓa daman ɗin ko?

Abu Anas, Jidda

Zai shiga lissafi, sai dai a nan kuɗin gaba ɗaya suna shigowa asusunsa, kuma ana tara masa shekarun fansho. Kafin a sa hannu ku kira 19911 ku faɗi albashin da aka yi tayi, ku tambayi yadda zai shafi daman da i'ana kowanne daban, don sharuɗɗansu ba ɗaya ba ne. Kwantiragin ya zo ta Qiwa, shafin ma'aikatar na kwantiragin aiki, ku karanta kafin a amince: sunan aikin, awanni, wurin aiki, albashi, da lokacin gwaji, wanda ba ya wuce kwana 180. Abin da aka rubuta ya zama shi ke shiga banki, kada ku yarda da "za mu tura 4,000 ku dawo da rabi". Idan aikin na waje ne, an hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. In rigima ta taso kan albashi ko kora, ana fara shigar da ita a taswiya wuddiyya, wato sashen sulhu, ta shafin ma'aikatar, in ba a sasanta ba ta wuce kotun ƙwadago.

Baban Walid, Jidda

Mu masu igama, baƙi masu takardar zama, fa? Akwai yara irin wannan da yawa a gidajenmu.

Maman Suhaila, Madina

Baban Walid, gaskiya hanyarku ta fi ƙunci. I'ana da Tawafuƙ da lissafin mutum huɗu an gina su ne don 'yan ƙasa. Amma a duba abu ɗaya tukuna: idan mahaifiyar yaron 'yar ƙasa ce, ana ba shi damar aiki kuma ana ƙirga shi cikin 'yan ƙasa a Niɗaƙat, gidaje da dama ba su san da wannan ba. Wanda yake murafiƙ, wato yana zaune a ƙarƙashin igamar mahaifinsa, kuwa ba shi da izinin aiki, kada a kai shi shagon wani a ce yana taimakawa, in masu bincike suka zo tarar za ta hau kan mai shagon da ku. Duk abin da Malam ya zayyana na horo ana yinsa a gida ba tare da izinin kowa ba, cibiyoyin kula na rana masu zaman kansu kuma suna karɓar 'ya'yan mazauna da kuɗi, wasu ƙungiyoyin agaji suna rage wa mai ƙaramin ƙarfi in an kai rahoton likita da shaidar albashi. Ku tabbata igamarsa da inshorar lafiyarsa ba su mutu ba, don su ake fara tambaya a ko'ina.